Ranar da Tanna ta hau soro

Duk unguwarsu a Tasawa ɗakunan kara ne masu rufin shibci, ban da soron Wada magini. Da hannunsa ya murza tubalinsa, azarar giginya kuwa daga kudu jakuna suka jawo ta. Da ya rasu, soron ya koma hannun ɗansa Cha'ibu, wanda mahara suka kashe a hanyar fatauci. Sai ya rage wa 'yar Wada, Tanna, gwauruwa mai sana'ar daddawa, mai baki kamar barkono.

Mai unguwa Gazali ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan soron, don ya yi wa wani attajirin gishiri alkawarinsa. Dokar unguwa kuwa a fili take: gidan da rufinsa ya rufta ya zama kango, kango kuma mai unguwa ke ba wanda ya ga dama. Saboda haka bai yi faɗa da kowa ba, munafukin Allah. Ya dai raɗa wa magina kada wanda ya yi wa Tanna yaɓen bana. Ga rufi ya tsattsage, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Tanna ta bi magina gida-gida, kowa na sunkuyar da kai. Ta dawo ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ke ƙarfafa yaɓe, ta kwaɓa ƙasa, ta ci ɗamara, ta jingina tsani.

A al'ada, magini kafin ya hau sai ya yi kira mata su shige ɗaki, don daga sama ana hango tsakar gidan kowa. Tanna ta buɗe murya: "Za a hau sama! Mazaje, a shige ɗaki!"

Tana hawa, sai Gazali ya fito da gudu, rawani a hannu. "Ke Tanna! Ina kika taɓa ganin mace bisa soro? Sabko!"

"Ranka shi daɗe, ubana yag gina shi, ba ka aza ko tubali guda ba. In kunya ta ishe ka, hawo ka yi yaɓen."

Bai hau ba. Matan maƙwabta ne suka fito ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa mata curin ƙasa, mazansu na leƙe ta danga.

Da ruwan farko ya sauko, indararo ya yi ta kwarara a waje. Tanna ta zauna tsakiyar ɗaki tana duban azara, ko ɗigo babu. Nan ne fa ta yi kukan ubanta da ɗan'uwanta, wanda ta ƙi yi a gaban kowa.