Madam Abibata da Surin Nama

Kafin rana ta ɗaga, Madam Abibata ta baro unguwar Sakasaka a ƙafa, ƙullin ƙosai a jaka saboda yaran da ba su karya ba. Haka take tun muna ƙanana, tana koyar da aji huɗu a wata firamare ta Moshi Zongo, nan Tamale. Wannan watan take ajiye alli, kuma wallahi unguwa za ta ji a jikinta.

A tambayi Mubarika. Babanta baƙo ne daga Suriname, can Kudancin Amurka. Ya zo neman tushen kakanninsa, ya yi aure a Tamale, ya zauna. Ran da yarinyar ta faɗi ƙasar ubanta a aji, kunnen 'yan Zongo ya ji abin da ya ga dama: surin nama! Ga ta kuwa 'yar lukuta. Sunan ya bi ta har bakin famfo, ta yi kuka ta ce ita da makaranta har abada.

Madam ba ta ɗauki bulala ba. Ta je gidansu, ta gaishe da uban, ta ce, “Baban Mubarika, ni ma ban san ƙasarku ba. Koya mini.”

Washegari ta shigo aji riƙe da hannun yarinyar, ta dubi Imoru, jagoran masu tsokanar.

“Imoru, me ake ce wa mutumin Ghana?”

“Ɗan Ghana, Madam.”

“To mutumin Suriname ɗan Suriname ne, mace 'yar Suriname. Sunan ƙasa ne, ba gara a ciki, ba mahauci. Wanda kakansa ya fito Indiya da wanda aka kwashi nasa daga ƙasashenmu a jirgin bayi, duk sunansu ke nan. Wa ya sani, Imoru, ko 'yar gidanku ce ta dawo kake wa dariya?”

Mubarika ta koma bencinta, ba ta sake fashi ba. Yau ita ke karɓar haihuwa a wani asibitin Jisonayili, har matar Imoru a hannunta ta sauka.

Ke ce uwar aji huɗu, Madam, mai bin yaro har gida. Mun gode, Allah ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma malaman da kuka rage, in benci ya kwana biyu ba mai shi, ku sa takalmi ku je ku tambaya.