Madam Rosalie, Mai Auna Tafiyar Masu Gajeren Numfashi

Kafin ranar Garwa ta fara dukan kai, Madam Rosalie ta riga ta share doguwar barandar asibiti, ta ajiye kujera nan, kujera can. Aikinta auna iya tafiyar masu sarkoyidosis, ciwon nan da ke cin huhu a hankali, wanda sau da yawa ake ɗauka tarin fuka ne. Takan maƙala wa mutum 'yar na'ura a yatsa, ya yi ta kai da komowa na minti shida, ita kuma ta zuba ido. Mutanenmu kuwa ba sa wuce kowa ba gaisuwa, ko da numfashi na yankewa, sai ta tsaya tana amsa gaisuwar a madadin mai tafiyar: "Lafiya lau take, ta gode, a ba ta hanya."

Mairamu, mai sayar da atamfa a unguwar Roumdé Adjia, ta zo da buri ɗaya: likita ya yarda ta tafi hajji a shekarar. Ta cije, ta taka kamar mai zuwa biki, ƙirjinta kuwa na ci da wuta.

Ta ce, "Madam, kin ga ai garau nake."

"Yaya Mairamu, ƙafarki garau take. Huhun ne bai shirya ba."

"Don Allah ki rufa min asiri. Wa ya san ko zan kai baɗi?"

Idon Rosalie ya kawo ruwa, amma abin da ta gani shi ta kai wa likita. Likita ya hana tafiyar. Mairamu ta yi fushi, ta daina ko kallonta. Rosalie ta riƙa bin ta har rumfa, tana shan harara, tana tambayar magani, tana koya mata tafiya da hutu. Shekara ta zagayo, Mairamu ta yi ɗawafi da ƙafarta, ta dawo gida lafiya.

Ke ce, Rosalie, kika yarda a ji haushinki don mutum ya rayu. Yanzu da za ki ajiye aiki, mun gode, mun ƙara godiya. Na baya, ku ɗauki wannan hali.

Ranar ban kwana Hajiya Mairamu ta miƙe. "Lokacin da nake fushi na ce mata, mutuwa a Makka ai dace ce. Ta ce min, 'Wannan ban sani ba, Yaya. Ni dai so nake ki dawo ki ba ni labari.'"