Furen da Ba Ya Ƙetare Teku

Shekara talatin da ɗaya Wilfred Agena ya yi yana aikin lambu a babbar jami'ar jiharmu, wadda ke kwance cikin kwari a bayan Honolulu, inda yayyafi ke sauka ko da rana na haskawa. Ɗan mai yankan rake ne. Daga sakandare ya ɗauki almakashin aske shuke-shuke, bai ajiye ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi. Shingen waya ne ya raba gidana da nasa a unguwar Palolo, don haka na san shi irin sanin maƙwabci: tarinsa na safe, da ƙarar ruwan tiyonsa a kan ganye. Kawu Wilfred kowa ke ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Abu ɗaya ne ba ya so a taɓa, wato jami'ar nan. A wurinmu akwai masu yi mata ba'a, wai aji na goma sha uku ce, ci gaban sakandare kawai: bas ɗin da ka saba, abokan da ka saba, shinkafar uwarka na jiranka da yamma. Duk wanda ya faɗi haka a gaban Kawu Wilfred ya sha jawabi. Zai kawo masa labarin jirgin ruwan bincikenta, da baƙin da ke zuwa daga nesa don koyon ilimin teku, da likitocin tsibirin nan da suka fito daga cikinta.

'Yarsa Charlene a can ta yi karatu, kuma har yau ba ta huce ba. Shekara ashirin tana aiki a wani kamfanin inshora, sau biyu ana ɗauko wanda ya yi karatu a ƙetare a ɗora shi a kanta. Ko takardar digirinta ce ta jawo, ko wani abu ne daban, ban sani ba. Ita dai ta riga ta yanke hukunci.

A tsakaninsu Nohea take, 'yar Charlene tilo, mai shekara goma sha takwas, mai son ilimin teku. Jami'o'i biyu suka ɗauke ta: ta kwarinmu, da wata tsohuwa a gabashin Amurka, irin wadda ko direban tasi ya ji sunanta sai ya waiwayo ya dube ka. Wata guda cur ba a ci abinci da daɗi a gidan ba.

Ranar ƙarshe ta ba da amsa ita ce ɗaya ga Mayu, ranar da kowa a nan ke rataya wa wanda yake ƙauna lei, sarƙar furanni. Wa'adin jami'ar gabas kuwa sha biyun darensu ne, wato ƙarfe shida na yammacinmu. Ya wuce, ƙofa ta rufe.

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci ina ba shukata ruwa a jikin shinge. Nohea na zaune a kan matakala, kwamfuta a cinya, ba ta danna komai ba. Sai tsohon ya fito da lei a hannu biyu, shunayya, ɗinkin hannu, fure a kan fure kamar ɓawon kifi. Ya rataya mata, ya sumbaci kumatunta.

"Kai, tsoho!" in ji ta. "Da waɗannan yatsun naka masu kama da citta ka ɗinka wannan?"

"Yi mini shiru, sarkin rainin wayo. Tun ba a haifi uwarki ba nake ɗinki."

A nan Charlene ta shigo daga aiki. Ta cire takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ta tsaya da ɗayan a ƙafa.

"Baba, maunaloa ne wannan?"

Babu wanda ya girma a tsibirin nan da bai san akwai furannin da masu binciken tsirrai a filin jirgi ba sa bari a fita da su zuwa ƙetare ba. Maunaloa na cikinsu. Ba a ba matafiyi shi, don a bakin ƙofa za a raba shi da shi.

"Shi ne ya yi fure a shinge," in ji tsohon.

"Bishiyar bakin ƙofa ma ta yi fure, irin wanda ake bari a fita da shi, har zuba yake a ƙasa ana takawa. Shekara talatin kana lambu, kai ne za ka manta?"

"Ai ba yau za ta hau jirgi ba."

"To, ashe ka san abin da nake nufi."

Na ga hannun Nohea ya tashi zuwa wuyanta, ya koma. Ba a cire lei a gaban wanda ya ba ka. Cirewar daidai take da mari. Ga ta nan zaune, an ɗaura mata amsa a wuya.

"Wata guda kana cewa ba ka da baki a maganar," in ji Charlene. "Ashe allura za ka sa ta yi maka magana. Ni ka riƙe ni, na zauna. Ita ba za ka riƙe ta ba."

"Wa ya riƙe ki? Makaranta ce mai kyau na nuna miki!"

"Mai kyau, a cikin kwarin nan. Je ka faɗi sunanta a New York ka gani, za su tambaye ka ko a bakin teku ake darasi, da wandon iyo."

"Kaka," in ji Nohea. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk suka juyo gare ta. "Tambaya ɗaya. Ka taɓa zama a aji a can? Ko sau ɗaya?"

Tsohon ya dubi ƙafafunsa.

"Ban taɓa ba."

"Mama, ke kin taɓa taka waccan?"

"Ba sai na taka ba. Na ga waɗanda suka fito daga cikinta. Su nake kai wa takardu su sa hannu."

Wilfred ya ɗago kai. Da ya buɗe baki, ba muryar jawabinsa ba ce.

"Bishiyoyi na sani, 'yar nan. Na san wadda ɗalibai ke ɓuya a ƙarƙashinta su yi kuka lokacin jarrabawa. Darasi kuwa ta taga nake ji, rabi, injin yankan ciyawa ya cinye sauran. Yau da safe na ce furen bakin ƙofa zan tsinko. Sai kawai na ga kaina a jikin shinge."

Ya juya, ya fita daga gidansa, ya zagayo ya shigo nawa yana ɗingishi.

"Maƙwabci, akwai kujera?"

Na ba shi. Ya juya ta, ya ba gidansa baya, ya fuskanci bangona da babu abin kallo a jikinsa. Sai a lokacin na gane: ya kau da idonsa ne don yarinyar ta iya cirewa.

Shida saura ashirin da biyar. Mun ji muryar Charlene ta tashi, ta sauka, ƙofa ta buga. Daga nan babu komai sai kukan kurciyoyi a kan wayar lantarki. Sau uku yana tambayata ƙarfe nawa. Yatsunsa, waɗanda furen ya rina, suna ta murza gwiwarsa. Ni da nake fuskantar gidan, ban ɗaga kai ba ni ma.

Shida da minti huɗu Nohea ta shigo, wuyanta babu komai.

"Sai da na cire shi tukuna," in ji ta. "Na ajiye a matakala, na kori Mama ciki, na zauna ni kaɗai. Sannan na danna."

"Wacce?"

"Ta kwari."

Na zaci zai yi murna. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba.

"Saboda ni?"

"Kai, tsoho, ka cika ɗaukar kanka da girma. Na rubuta wa ɗaliban jami'o'in biyu na tambaya. Can sai shekara ta uku mutum ke taɓa ruwan teku. Nan tun zangon farko."

Charlene ta yi wata uku ba ta ce wa ubanta komai ba, in ban da "abinci ya yi". Har yanzu tana cewa ya sace mata 'ya da zare da allura. Nohea tana shekararta ta biyu, ta yi baƙi da rana, gashinta kullum na warin gishiri, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Wilfred ya kai saba'in da tara. Wani lokaci da safe, in muna ban ruwa, yakan rage tiyonsa ya matso.

"Maƙwabci, kai da kake wurin. Kana ganin gaskiya ta faɗa mini?"

Nakan ce masa ina ganin haka ne. Sai ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ban ruwa. Bayan kwana biyu ya sake tambaya.