Dokar Tebur da Na Kawo daga Argungu

Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na fito ina karatu a hankali, rubutuna kuma ya fi karatun nawa. Da takardar shaidar nan na sami aiki a makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi, ina kula da ɗakunan kwanansu. Aikin uwa ne: wa ta yi wanka, wa ke tari, wa ke kukan gida. Inna suke ce mini.

Bayan an sami 'yancin kai, Turawan da ke riƙe da irin wannan aiki suka fara ɗaure kaya. Aka ce mu za mu karɓa, amma sai an yi mana kwas. Da aka yi hutu sai aka tura ni Argungu na mako biyu, tare da iyayen ɗalibai na wasu makarantu. Na bar wa yayata autana, na hau motar kasuwa da akwatin ƙarfe na aro.

Malamar da ta koyar da mu nas ce, Kirista daga tsakiyar ƙasa, mai saurin magana da saurin dariya. Ta koya mana karanta ma'aunin zafi, da wanke gyambo, da ɗaura gidan sauro yadda ba zai bar kafa ba. Kullum kifi muke ci, har wata a cikinmu ta ce in aka ƙara mako ɗaya za ta fara iyo. Abu biyu Malama ta sa muka ja wa layi a littafi. Na farko, kowace safiya a jera yara, a dubi kowacce cikin ido, a tambaye ta lafiyarta. Na biyu, a daina barin yara suna ɗaukar abinci suna watsewa. Kowacce da kwanonta a kan tebur, babba ɗaya na zaune a kan gaba yana duba wadda ta ci da wadda ba ta ci ba.

Na dawo da takarda mai hatimi. Maigidana ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To, likita, mu ma za a jera mu da sahe?"

Ana komawa makaranta na kafa dokar tebur. Shugabarmu sabuwa ce, 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe wurin, shekarunta ba su kai nawa ba. Babban tsoronta kada a ce Turawa na tafiya makaranta ta lalace, don haka ta ji daɗin dokar ƙwarai. Ni ma na ji daɗin kaina. Ni na zauna a kan teburin 'yan aji ɗaya.

A cikinsu akwai wata Bafillatana daga wajen Augie, doguwa, marar surutu. Zangon farko lafiyarta ƙalau, ita ke fara kai bokiti rijiya. Wannan zangon kuwa sai ta fara ramewa. Tana gyangyaɗi a aji. A tebur takan tattara tuwon gefe guda, ta sunkuyar da kai, in an tashi ta tura wa ta kusa da ita. Na yi yadda aka koya mini. Na tsaya gabanta a layi, na dube ta cikin ido.

"Mi as same ki, ɗiyata?"

"Lahiya lau, Inna."

Na sa mata ma'auni, babu zazzaɓi. Na ba ta maganin tsutsar ciki. Na matso da kujerarta kusa da tawa, don in fi sa mata ido. Sai abin ya ƙaru.

Wata Litinin yarinyar ta faɗi a wurin taron safe. Shugaba ta kira ni ofis ta ce, "Inna, ba zan bari 'yar mutane ta mutu a hannuna ba. In ba ta murmure ba kafin ƙarshen wata, a mai da ta gida." Ni da ita duk mun san wadda aka mayar ba ta dawowa. Da ƙyar uban ya ba da ita tun farko. Ga shi ita ce ta fi kowa lissafi a ajinsu.

Ranar Asabar ranar kitso ce. 'Yan mata kan yi wa juna a gindin darbejiya, ni kuma in ɗauki waɗanda ba su da mai yi musu. Na kira Bafillatanar nan. Ba don wata dabara ba, kanta ne ya tsufa. Ta zauna a ƙasa ta ba ni baya, na kwantar da kanta a gwiwata, na fara tsefewa. Ina ta zancena, na tambaye ta shanunsu, da ko ruwan gulbi na kai wa rugarsu da damina. Ta amsa kaɗan-kaɗan. Da na kai rabin kan sai na ce, ban ma dube ta ba, "Tuwonmu na ba ki so?"

Sai da na gama layi ɗaya sannan ta ce, "Ina so, Inna. Ba ni iya ci kina kallo."

Hannuna ya tsaya. Ta ce a gidansu ba ta taɓa kai loma baki gaban babba ba. Zangon farko takan ɗauki kwanonta ta zaga bayan madafi, ta fuskanci bango ta ci. Tun da aka kawo tebur, kunun safe kawai take kurɓa a tsaye, in ta ga na juya.

Kunya ta kama ni. Ni da na tashi Fulani na kawo mana nono har tsakar gida, na sha ganin mahaifiyata ta ba su abinci ta shige ɗaki don su samu su ci. Na san filako, kunyar Fulani, tun ban san harafi ba. Amma da yake dokar tebur an rubuta ta a allo, na kuma kwafa da hannuna, sai na ajiye abin da na sani.

Na gama kitson, na kai ta wurin mai dafa mana abinci, wata tsohuwa Bakabiya da ba ta raga wa kowa. Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

"Ashe wanga ne kunka tahi Argungu koyo? Mako biyu kina cin kihin gwamnati, kin dawo kina tsare ɗiyan mutane da ido kamar mai gadin rumbu! Da ni kinka tambaya da ko tasha ba ki kai ba." Ta juya ga yarinyar. "Ke kuma, 'yar nono, shiga nan bayan zana. Ni ban da lokacin kallon bakin kowa."

Ta zuba mata tuwon shinkafa da miyar kuka, muka fita muka ba ta wuri. Da muka dawo kwanon kamar an wanke.

Litinin na sami shugaba. Ban iya doguwar magana ba, na dai ce laifin dokata ne, a ba ni zuwa ƙarshen watan da ta yanka. Ta ce in an ɗaga wa ɗaya, saura fa? Na ce saura suna ci. Daga ƙarshe ta ce in gwada. Muka kafa zana a gefen ɗakin cin abinci, da tabarma a ciki. Kwana uku sai ga wasu biyu sun bi yarinyar, waɗanda ni ban ma lura suna ƙwauron ci ba. Na daina zama a kan tebur. Nakan zaga in duba kwanoni bayan an tashi.

Da hutu ya zagayo aka sake tara mu a Argungu kwana uku, kowacce ta faɗi yadda ta yi da abin da ta koya. Na tashi na ba da labarin kamar yadda ya faru. Malama ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce a garinsu yaron da ya ƙi ci gaban babba shi ake wa faɗa, ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Ta tambaye ni yadda aka yi yarinyar ta yi magana. Na ce kitso nake mata. Ta ce to washegari ni zan tsaya gaban aji. Haka aka yi: na zaunar da wata a ƙasa, na nuna musu yadda ake tambayar yarinya tana ba ka baya.

Ƙarshen watan da shugaba ta yanka kuwa ya zo ya wuce, ba ta sake ta da zancen mayar da ita gida ba. Yarinyar ta koma kai bokiti rijiya kafin kowa. Har ta gama makarantar ban taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. Kwanon dai nake dubawa, in same shi babu komai.