Abin da Ya Kashe Akwatin Motar Intalla

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a Dakoro ya san rumfar Sa'adu Mai Waya, can bayan tasha, inda hanya ta karkata zuwa kasuwar dabbobi. Ba wata rumfar a zo a gani ba ce: kwano huɗu, benci ɗaya, sai wani mataccen firiji da ya mayar ma'ajiyar kayan aiki. Shi kansa siriri ne, ya ba sittin baya, ga tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar kuwa jar wayar lantarki ce ya lanƙwasa. An sha yi masa tsiya a kan tabaraun nan, shi ko a jikinsa.

Haifaffen Korahane ne, ɗan manomin gero. Da damina ta yi kyau a shekarar da ya cika sha bakwai, da har yau yana can riƙe da hauya. Ba ta yi ba, sai ya gangara Maradi cin rani, ya faɗa garejin wani tsoho mai gyaran wutar mota, ranin da bai ƙare ba ke nan sai bayan shekara tara. Ya komo gida da ƙwan fitila ɗaya mai waya biyu, wanda da shi yake bin sawun wuta a jikin mota, da kuma wata ɗabi'a da ta sa direbobi ke kiransa jandarma. Ba ya jefar da abin da ya mutu sai ya san abin da ya kashe shi. Kai kana sauri fasinja na jira, shi yana juya ƙonannen fizibil, wato fis ɗin wutar mota, a tafin hannu yana tambayarka inda ka kwana da motar shekaranjiya. Ana ƙorafi, amma ana dawowa, don abin da Sa'adu ya gyara ya gyaru.

Sai zamani ya zo da motocin da ke da kai. Ka taɓa waya guda, wani abu can baya ya yi fushi. Sa'adu bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Rabi'atu, amma yana tsoronsu. Tsoron da yake ji shi ne ranar da za a ce a tasha, "Tsoho ne, a wuce da ita Maradi."

Motar Intalla ce ta kawo ranar kusa. Intalla Ba'abzine ne daga wajen Tagriss, makiyayi mai fataucin tumaki, mutum mai kunya da ƙarancin magana. Ya sayi farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, ba ta daɗe a hannunsa ba ta soma abin mamaki. Oda ta yi ta bugawa ba wanda ya taɓa, abin share gilashi ya tashi yana aiki tsakiyar rani, ƙofofi su kulle kansu da makulli a ciki. Wata ranar kasuwa ta kulle har da ɗan rago a kujerar baya, aka taru ana dariya, wasu na cewa motar da mutanen ɓoye.

Sa'adu ya bi batir, ya bi fizibil ɗaya bayan ɗaya, ya bi wayoyin da ke ɗaure da jikin ƙarfe, duk lafiya. Sawu ya kai shi ƙarƙashin tabulo, allon nan na gaban mota, daidai gwiwar direba, inda wani baƙin akwati yake, bai fi tafin hannu biyu ba. Shi ke ba fitilu da oda da ƙofofi umarni. Ya zare shi, ya ga bakin wayoyinsa ya yi tsanwa.

"Ruwa na shiga motar ga?" ya tambaya.

"Wane ruwa, Malam Sa'adu? Rani muke. Ko wanki ban mata, sai dai in share da tsumma."

A nan ne Sa'adu ya yi abin da bai saba ba. Idon 'yan tasha na kansa, yana son ya nuna musu motar zamani ba ta fi ƙarfinsa ba, sai ya bar tambayar a nan. Ya aika Maradi aka kawo wani akwatin, Halidu mai na'urar gwaji ya zo ya gabatar da shi ga motar, don irin wannan akwati ba ya aiki sai an sanar da shi gidan da ya shigo. Komai ya lafa. Sa'adu ya sha shayinsa yana jin kansa sama.

Sati biyar aka yi, sai ga motar ta shigo gari tana buga oda ita kaɗai tun daga bakin kasuwa, kamar mai shelar abin kunyarsa. Kafin azahar magana ta gama tasha: Sa'adu ya sa wa bawan Allah akwatin banza, ko kuma bai san abin da yake yi ba. Intalla bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo.

"Ko in wuce da ita Maradi?" ya ce yana kallon ƙasa.

"Ba ni kwana biyu."

Wannan karon ya buɗe akwatunan biyu, tsoho da sabo, ya jera su bisa benci a cikin hasken rana. Tabo iri ɗaya, a kusurwa ɗaya: wani baƙi-baƙi mai danƙo da ya bushe. Ya lakata, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Ba ruwan sama ba ne, ba shayi ba ne. Akwai gawayi a ciki, akwai ƙaro. Ya san ɗanɗanon nan, ya dai rasa inda ya san shi. Ya wanke sabon akwatin da alkol da buroshin haƙori, ya sa dalma ya ɗinke wata siririyar hanyar wuta da ta ci, ya mayar, mota ta yi shiru. Amma ya ce ba zai sake ta ba sai ya bi ta gida ya ga yadda take kwana da yadda take tashi.

Haka ya bar rumfarsa ya bi Intalla har zangonsu. Da hantsi, an gama loda tumaki za a kama hanya, sai ga wata tsohuwa ta fito daga bukka tana dogara sanda, ƙaramar ƙwarya a hannunta. Inna Fadimata ce, mahaifiyar Intalla. Kowa ya ja baya ya ba ta hanya, da gani an saba. Ta zagaya motar tana motsa baki, tana yayyafa abin da ke cikin ƙwaryar. Sannan ta buɗe ƙofar direba, ta miƙa hannu, ta tsiyaye sauran a tsagar da ke tsakanin gilashin gaba da tabulo, daidai inda ƙirjin ɗanta yake fuskanta.

Rubutu ne. Tawadar allo ce Sa'adu ya ɗanɗana, wadda ya sha tun yana yaro a Korahane.

Ta juyo ta gan shi, ta ce, "Kai ne mai gyaran? Allah shi yi maka albarka. Wan yaron ga mota ta kihe da shi bisa hanyar ga, shekara shidda ke nan. Wanga shi kaɗai ya rage mani. Kai ka riƙe ƙarhe, ni in riƙe nawa."

"Amin, Inna," in ji Sa'adu. Tausayi ya cika masa ciki.

Intalla bai yi masa ƙarya ba. An tambaye shi ruwa, shi kuwa a wurinsa abin da uwarsa ke zubawa addu'a ce, bai taɓa lissafa ta cikin ruwa ba. Ga amsar da Sa'adu yake nema ta zo hannunsa, wadda za ta wanke shi tas a tasha. Sai dai ya san Dakoro, kuma ya san yadda magana ke tafiya a bayan babur. Zancen zai zama abin dariya a wurin mai shayi, daga nan ya koma zango, tsohuwar nan ta ji cewa hannunta ne ke kashe fitilun motar da ɗanta ke tuƙawa.

Da suka iso gari ya kwance tabulo gaba ɗaya. Ya matsar da akwatin gefe, ya yi masa hula da robar tsohon tub na taya. Ƙarƙashin tsagar kuma ya yanka galan ya yi ɗan indararo, ya haɗa da siririn tiyo da ya ratsa ƙasan mota ya leƙa waje. Ya ɗebo ruwa a buta ya zuba inda Inna ke zubawa, suka tsuguna su biyu suna kallo yana ɗiga a kan rairayi. Sai a lokacin ya gaya wa Intalla abin da ya gani.

Intalla ya ja rawaninsa ya rufe baki.

"Sai in hana ta," ya ce daga baya.

"Kak ka hana ta. Ta zuba wada ta saba, na yi mashi hanya."

"To bari in hwaɗa ma mutanen tasha. Sun ɓata maka suna a banza, har Kamilu mai bas na ji shina cewa ya daina kawo maka mota."

Sa'adu ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin riga. Yana son sunan nan, shekara talatin da wani abu ya yi yana gina shi, kuma ba shi da wata dukiya da ta wuce shi.

"In ka hwaɗi da sahe, kahin la'asar ta ji," ya ce. "Ni in an ce ban iya ba, ina da sauran kwanakin da zan nuna na iya, in Allah ya so. Ita hwa, shekara nawa ta rage mata da za ta manta?"

Kamilu bai dawo ba, da wasu mutum uku masu sababbin motoci, Maradi suke wucewa har yau. Inna Fadimata ta ƙara damina biyu a duniya, kuma ba safiyar tafiya ɗaya da ta fasa fitowa da ƙwaryarta.