Agogon Baba da Ƙanƙarar Ƙarshen Azumi

Safiyar wata Alhamis a farkon Disambar 2002, ana gab da ƙaramar salla, na farka na tarar gidanmu da ke bayan High Point Road, a ƙasar Turawan da muke zaman baƙunci, ya yi sanyi kamar cikin randa. An ɗauke wuta, hitar ɗumama ɗaki ta mutu, firji ya daina gurnaninsa. Shekarata tara a lokacin. Da na ɗaga labule sai na ga ruwan da aka kwana ana yi ya daskare a kan komai, motoci da wayoyin lantarki da dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura duk sun sha ƙanƙara suna ƙyalli, rassa sun sunkuyo har ƙasa, can nesa kuma ana jin karyewarsu kamar harbin bindiga. Baba ya saka jibgegiyar rigar sanyinsa ya fita don ya janye wani reshe da ya tare ƙofar maƙwabciyarmu Tanti Rabi, 'yar Maraɗi, wadda ke da ɗanyen goyo kuma mijinta yana kan hanya da babbar mota. Ina kallonsa ta taga yana takawa a hankali, har ya juyo ya ɗaga mini hannu. Bai kai ga sauke hannun ba na ji wata ƙara daga sama, rabin itacen da reshen ya karyo daga jikinsa ya tsage ya rufto a kansa.

Ban yi kuka ba, ban kuma iya kiran Mama ba, bakina a buɗe kawai yake. Salatinta ne ya dawo da ni hayyacina, na gan ta a waje ba takalmi tana zamewa tana tashi. Mazan unguwa suka fito suka taru suka ɗaga itacen. Motar asibiti ta daɗe ba ta iso ba saboda santsin hanya, Baba yana kwance a ƙasa an lulluɓe shi da barguna, kafaɗarsa ta hagu ta karkace yadda kafaɗar mutum ba ta yi. Da ma'aikatan suka zo, wata Baturiya a cikinsu ta kwance agogon da ke hannunsa ta duba ko'ina, ta ga ni ce a tsaye kusa, ta danƙa mini. Da ɗuminsa na karɓe shi. Ko gilashinsa bai tsage ba, siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa yana ta zagayensa kamar babu abin da ya faru.

Wannan agogo duk yaran gidajenmu sun san shi. Na ƙarfe ne, ƙirar Japan, mai baƙar fuska, ba a saka masa batir kuma ba a murɗa shi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin wata a cikinsa da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure masa igiyar da ke tafiyar da shi. Baba yakan ce, "Wannan ba ya cin batir, gumina yake ci." A sito na kujeru da gadaje yake aiki, wuni yake yana ɗagawa yana saukewa, don haka agogon bai taɓa jin yunwa ba. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a Kano, kuma daga bakinsa ya gaji labarin kamfanin da ya ƙera shi, labarin da muka sha ji har muka haddace. Wai da ɗan shagon gyara suka fara a Tokyo. Wata babbar girgizar ƙasa ta zo, gobara ta cinye masana'antar har da agogunan da mutane suka kawo gyara, mai kamfanin kuwa ya mayar wa kowa da sabo. A nan Baba yakan ɗaga yatsa ya ce, "Amana ke nan." Daga baya su ne suka fara fitar da agogon hannu mai batir da ɗan dutse a ciki, wanda da farko kuɗinsa ya kai na mota, kafin ya yi arha ya cika kasuwa har masu gyara irin kakana suka rasa abin yi. Yakan yi dariya ya ce mutanen da suka ciyar da gidansu su ne kuma suka rufe musu shago, amma bai taɓa jin haushinsu ba.

Kwanakin da Baba ya yi a asibiti mun yi su ne a ɗakin Tanti Rabi, don ita ce mai ɗan rishon gas. Gida huɗu muka cure a falo ɗaya, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, jaririn yana yawo daga cinya zuwa cinya. Tanti Rabi kuwa ba ta gajiya da leƙa waje tana cigiyar wutar lantarki da bakinsu na Maraɗi, tana cewa, "Har yanzu kuran bai dawo ba?" Mu yara aikinmu shi ne fasa ƙanƙarar matakala da muciya, da jera naman firji a cikin bokiti a waje kada ya lalace, da kai wa tsofaffi ruwan alwala mai ɗumi. Haka muka yi salla, ba guga, ba kitso, tuwon semo da miyar kuka a hasken kyandir. Agogon kuma yana damtsena, na ɗaure shi da robar gashi saboda ya yi mini yawa. Tsoro nake kada ya tsaya a hannuna, don a kaina na riga na haɗa numfashinsa da na Baba. Sai muka mai da abin wasa, mu yi langa a baranda, mu yi tafa-tafa, duk wanda ya ci a ba shi ya ɗaura ya wulwula hannu kamar fanka. Manya ma da shi suke duba lokacin salla. Har aka sallamo Baba bai tsaya ba, na miƙa masa ina ji da kaina.

Sanyi ya wuce, aka cire masa abin da aka ɗaure kafaɗar da shi, muka koma tsayuwar jiran motar makaranta, mata suka fara shuka yakuwa da kuɓewa a tsofaffin bokitai a bayan gini. Duk wanda ya tambayi Baba jiki sai ya ce, "Alhamdu lillahi, sauƙi ya samu." Ni ma na yarda. Na ga bai koma aiki ba, na ga Mama ce ke saka masa maɓallin riga, na ga hannun kullum yana cikin aljihu, amma hankalin yaro bai haɗa waɗannan wuri ɗaya ba.

Wata Lahadi abokansa suka zo gaisuwa, an ci an sha ana hira, sai Alhaji Sani, babban amininsa, ya tambaya ko la'asar ta yi. Baba ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa. Ni ina kwashe kwanuka, na leƙa, na ga agogon yana nuna sha ɗaya saura, siririn hannun a tsaye cak. Na ce da ƙarfi, rabi da Turanci rabi da Hausa, ai ya tsaya, bari in tashe shi. Na kama hannun Baba na jijjiga ina dariya. Nauyin da na ji ne ya tsinke mini dariyar. Hannun ya biyo ni kamar ba na mutum ba, sanyi ƙalau, yatsun da suka saba damƙe nawa suna reto. Da na sake shi sai ya faɗi a cinyarsa, tim. Alhaji Sani ya kawar da kai yana salati a hankali, Mama ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Baba ya dube ni, ya kira ni da sunan da yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ya ce, "Uwata, agogon lafiyarsa lau. Hannun ne ya tafi." Sannan ya miƙo mini na dama ya ce in mayar masa da shi can, don shi ba zai iya ɗaurawa ba. Na ɗaura masa, na ruga banɗaki na rufe ƙofa, a nan na yi kukan da ban yi ba ranar da itacen ya faɗo.

Daga ranar ɗaura masa agogo ya shiga cikin ayyukana na safe, tsakanin shara da haɗa wa ƙannena jaka. Jijiyoyin kafaɗar ne suka tsinke, kuma duk da gashin da aka yi ta yi masa, yatsu biyu kawai suka dawo suna ɗan motsi. Aikin sito ya wuce ke nan. Abokansa suka tsaya masa ya buɗe ɗan shago a bakin titi, yana sayar da manja da garin rogo da daddawa da busasshen kifi, da hannu ɗaya yake ɗaure leda, da haƙori yake ja. A wannan shago ya yi mana karatu dukanmu.

Yanzu High Point Road ɗin ma an sauya masa suna, Gate City Boulevard ake ce masa, gidajen da muka zauna wasu baƙi ne a ciki masu wani harshe. Tanti Rabi ta koma Maraɗi, sai dai muryarta a waya ranar salla, jaririn nan ya fi ni tsawo. Ni ina zaune wajen unguwar Sedgefield, inda maƙwabci ke ɗaga maka hannu daga cikin mota ya shige garejinsa. Ranar Asabar nakan kai yarana wajen Baba, ya yi musu Hausa su amsa da Turanci, yana dariya, furfura ta rufe masa kai. Wani lokaci ina kallonsa sai in tuna watannin da ya yi yana ce wa kowa sauƙi ya samu, alhali shi da Mama sun san abin da likita ya faɗa, ga ƙananan yara uku a ƙasar da ba tasu ba. Sai da na haifi nawa na gane cewa manya ma suna jin tsoro, a gabanmu ne kawai suke haɗiye shi.