Bayan Shafin da Ban Juya Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, ana tsaka da ɗibar zaitun, ƙararrawar coci ta sanar da mu rasuwar Eulogio Barrena, wanda ya riƙe wurin matsar mai na ƙauyenmu shekara talatin da ɗaya. Sai da na tabbatar da wannan adadi sau biyu kafin na rubuta shi.

Eulogio, kowa na da abin tuna ka da shi. Ba ka taɓa barin marar hali ya koma gida da rabin tulu ba. Ranar da jakin mahaifina ya karye a gangare, kai ka ɗauko buhunansa a kafaɗa, ba ka ce uffan ba. Dama i'ina ta sa ba ka cika magana ba.

Ni kuwa abin da nake tunawa ya hana ni sukuni. An haife ka sha ɗaya ga Maris, aka raɗa maka sunan waliyyin ranar, yadda iyayenmu suka saba. A walimar ranar waliyyin nan mai sunanka, wadda ake yi duk shekara, shekara ashirin da suka wuce, na zo da ɗan littafin ma'anar sunaye da na saya a tashar jirgin ƙasa. Na miƙe gaban jama'a na karanta cewa asalin sunan daga harshen Girka ne, ma'anarsa "mai iya magana". Wuri ya kaure da dariya. Remedios mai burodi ta riƙe ciki tana cewa, "To tashi ka yi mana huɗuba mana, Sarkin Baki!" Ka yi murmushi ka ce, "A-Anselmo, li-littafinka ya fi ni sauri." Laƙabin ya bi ka. Daga ranar ba ka sake buɗe baki a taron manoma ba.

Bayan jana'izarka na koma ga littafin. Ashe bayanin ya ci gaba a bayan shafin, inda ban juya ba: "mai kyakkyawar kalma, mai sa albarka."

'Yarka Fuensanta na gab da haihuwar ɗa namiji. Da na tambaye ta ko za ta sa masa sunanka, ta ce mini, "Kawu, sunan nan ya tsufa, yanzu sai su Hugo da Mateo. Kuma ba zan ɗora wa ɗana abin da aka yi wa Baba dariya da shi ba."

Ba ni da bakin roƙonta. Amma Fuensanta, kuskuren nawa ne, ba na sunan ba. Zaga ƙauyen nan kaf ki nemo mutum ɗaya da ya taɓa jin mummunar kalma daga bakin mahaifinki. Littafin yana hannun mahaifiyarki, na naɗe shafin. Ranar baftismar yaron a coci, duk sunan da kika zaɓa masa, zan zauna a kujerar baya in kama bakina.

Allah ya jiƙan ka, Eulogio, ya sa ka huta cikin rahamarsa. Ya ba matarka Amparo da Fuensanta haƙurin wannan rashi, ya sauke ta lafiya. Ni kuma ya gafarta mini rabin da na karanta.